Sakin da Awaisu Ya Goge

Shafa'atu ta danna saƙon muryar ta kara wayar a kunnenta. Ta manta cewa tun ranar da 'yarta Zakiyya ta tsoma wayar a kwanon koko wayar ba ta ƙara magana a hankali ba, sai da ƙarfi. Muryar mijinta ta fashe a tsakiyar layin masu awon ciki kamar an kunna rediyo.

"Ina ganinki onlayin da idona, kin ƙi ba ni amsa. Na kira kin ƙi ɗagawa. To wanda kike hira da shi ya riƙe ki. Ni Awaisu na sake ki, Shafa'atu. Ki tattara ki tafi gidanku."

Matan da ke ta surutu kan tsadar magani duk suka juyo, kowace da katinta a hannu. Wata dattijuwa da ta rako surukarta daga Kafur ta dafa ƙirji ta yi salati.

"'Yar nan, saki na nawa ne?"

Shafa'atu ta ɗaga yatsu uku.

"Haba, fushi ne kawai," in ji wata yarinya da ke gefe, hannunta ya sha lalle, ko ɗago ido daga tata wayar ba ta yi ba. "Nawa ma ya taɓa yi min haka a waya. Da yamma sai ga shi da tsire a leda."

"Ke rufe mana baki," dattijuwar ta ce. "Da tsire ake ɗinke aure a garinku?"

Auren Awaisu da Shafa'atu a waya aka fara shi, kuma a waya ya zauna. Shi ɗan Malumfashi ne, yana sayen masara da waken suya a kasuwar hatsi ta Funtua, yana lodawa 'yan kudu. Ita 'yar Maska ce. Lambarta ya samu wajen wani biki, suka shekara suna tura wa juna hotunan fure da jajayen zukata, har ya zama ba su san yadda ake zama a tabarma a yi zance ido da ido ba. Da aka kawo ta gidansu a Malumfashi, abin bai canza ba. Ranar da ya zo gida, yana falo tana ɗaki, sai wayarta ta yi ƙara: "Bebi kawo ruwa." In ta kawo ba zai ɗago kai ba, sai ta koma ɗaki ta tarar ya turo mata hoton hannu biyu a haɗe, wai godiya ke nan. Ita ma ba ta tsira daga laifi ba. In ya ɓata mata rai ba ta faɗa masa, sai ta ɗora habaici inda duk mai lambarta zai gani, ta zauna tana duba ko ya leƙa. Abin ƙyama ne mutum biyu su haifi ɗiya tare amma su kasa haɗa ido su ce wa juna ka yi haƙuri.

Sakin farko a rubuce ya zo, ranar da ta cire hotonsa daga fuskar wayarta ta sa na Zakiyya. Na biyu da ta sa wa wayar lambar sirri ba ta faɗa masa ba. Duka biyun manya suka shiga, ya mayar da ita. A na biyun mahaifinta, Malam Lawal, ya baro gonarsa ana tsakiyar noma ya zo har Malumfashi, ya zaunar da su a zaure ya ce, "Igiya ɗaya ta rage. Wannan in ta tsinke, ni ba ni da allurar ɗinke ta, liman ma ba shi da ita." Awaisu yana cewa to, to, babban yatsansa yana cikin aljihu yana shafa waya.

Yau kuwa laifinta shi ne da asuba ta buɗe waya ta tambayi maƙwabciyarta ko yau ne ranar awo. Shi kuma a lokacin ya turo mata gaisuwarsa ta kullum, hoton kofin shayi da fure a gefe. Ta ga Zakiyya ta ɓata zane, ta ajiye wayar. Da ya kira tana cikin keke napep, ba ta ji ba. Saƙon ya shigo tana bakin ƙofar asibiti, kafin ta shiga cikin ginin inda sabis ba ya kamawa.

Aka kira sunanta. Nas ɗin ta auna cikin, ta ce wata bakwai ya zauna daidai, sannan ta ɗaura mata abin awon jini ta ɓata fuska.

"Jininki ya hau. Wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa."

"Kullum ba kowa. Ki rage gishiri, ki rage tunani, ki dawo mako mai zuwa."

Tana fitowa harabar asibitin wayar ta shiga kaɗawa a hannunta. Ta tsaya a inuwar dalbejiya ta duba. Inda saƙon muryar yake babu shi, sai wani ɗan rubutu mai launin toka da ke cewa an goge wannan saƙon. Ƙasa da shi sababbi sun jeru.

"Bebina kin tashi lafiya?"

"Me suka ce a asibiti? Ya bebinmu?"

Sai jajayen zukata har layi biyu.

Ta gane abin da ya faru. Da fushinsa ya sauka ya duba, bai ga alamar ta saurara ba, tunda babu sabis a ciki. Sai ya goge, ya ɗauka ya riga ta. Ta tofar da yawu a gindin bishiyar.

Dattijuwar nan ta fito da surukarta, yarinyar mai lalle na biye da su. Shafa'atu ta nuna musu fuskar wayar.

"Kin gani!" mai lalle ta tafa hannu. "Ya goge. Shi ke nan, an wuce wurin. Wa ya ji? Mu ne, mu kuwa ko unguwarku ba mu sani ba. Ki tura masa zuciya ɗaya ki koma ki ɗora girkinki. Da wannan tulun cikin ina za ki?"

Dattijuwar ta daɗe tana kallon cikin Shafa'atu kafin ta yi magana.

"Ni ba malama ba ce, 'yar nan, ban yi karatu mai nisa ba. Amma tun muna yara ake ce mana magana zarar bunu ce. Ban san ko wayar nan ta zo da nata hukuncin ba." Ta gyara mayafinta. "Allah ya zaɓa miki. Mu mota za ta bar mu."

Shafa'atu ta tsaya a bakin titi. Gidan yana nan kusa, Zakiyya na wurin kakarta ta wajen uba, tukwane na jiran ta. In ta yi shiru babu mai cewa uffan. Za ta haihu a ɗakinta, a yi suna da rago, ta ci gaba da zama matar aure a idon kowa. In ta yi magana, za ta haihu a ɗakin mahaifiyarta a Maska, kuma ba ta da hanyar komawa ko da su biyun sun yi kukan jini, sai ta auri wani. Wata rana kuma dangin uba za su zo ɗaukar Zakiyya. Ta ɗaga waya za ta rubuta masa, yatsanta ya tafi da kansa wajen da jajayen zukatan suke, don ya saba. Ta janye shi kamar ta taɓa garwashi. Ta tare keke napep ta ce tasha.

Motar Funtua ta cika da buhunan barkono da mutane. Aka matsa mata gefen taga saboda cikin. A hanya gonaki duk an karya masara, an tara kara, auduga ta fara fashewa fari fat. Kusa da ita wata budurwa ce a cikin dogon hijabi, ta kai wayar bakinta ta rage murya kamar marar lafiya.

"Wallahi tun jiya ban iya cin abinci ba saboda tunaninka."

Ta saki saƙon, ta ɓare dafaffen ƙwai ta cusa a baki. Sannan ta zaɓi saƙon nan dai, ta tura wa wani, ta sake tura wa wani. Shafa'atu tana gani. Direban kuma ya maƙale tasa wayar tsakanin kunne da kafaɗa, yana riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, yana rantse wa wata cewa yana masallaci. Bayan Bakori ya kusa hawa kan wani mai amalanke. Fasinjoji suka yi masa ca, ya ce wa ta cikin wayar, "Yara ne ke hayaniya a bakin masallacin."

Ita ma wayarta ba ta huta ba. "Bebi kin yi shiru." "Ko cajinki ya ƙare?" "Kin ga wani abu ne da safe? Hannuna ne ya taɓa." Ta kife ta a cinya.

Ba ta taɓa zuwa rumfarsa ba sai a hoto. A hoton tana da faɗi da tsabta. A zahiri wani lungu ne tsakanin tsibin buhuna, ƙaiƙayi na tashi, 'yan dako na wucewa da gudu suna ihun a ba su hanya. Ta hango shi zaune a kan buhun masara, waya ɗaya a hannu, ɗaya a cinya, kansa a sunkuye. Abokin cinikinsa Mati ne ya fara ganinta.

"A'a, amarya da kanta? Awaisu, ɗago, yau ga ta a fili ba a gilashi ba."

Awaisu ya miƙe zumbur, wayar cinyarsa ta faɗi cikin hatsi. Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Mati ya kalli fuskarta sau ɗaya, ya ce bari ya je ya ga lodin mota, ya fice.

"Bebi, lafiya? Da kin faɗa min ai..."

"Sunana Shafa'atu."

Ya jawo mata kujerar roba. Ta zauna don ƙafafunta sun kumbura. Kafin ta gyara zama ya matso kusa da ita, ya miƙa hannu sama, ya karkata kai ya ɗauke su hoto. Ya yi shi ne ba tare da tunani ba, yadda wani ke yin bismilla kafin ya ci abinci.

"Abban Zakiyya, me ka goge da safe?"

"Ba komai. Lissafin buhuna ne zan tura wa Mati, ya tafi wurinki."

"Na saurara."

"Ba ki saurara ba." Ya juyo mata da wayar da sauri, yana nuni da yatsa. "Na duba kafin in goge. Alamar ba ta canza ba. Wallahi ba ta canza ba."

"Ni da matan layin awo duka muka ji. Ka ce ni Awaisu na sake ki."

Ya zauna a kan buhun. Gumi ya feso masa a goshi, ƙaiƙayi ya manne a kai. Ta ɗauka zai yi salati, ko ya yi kuka, ko ya ce kaicona. Da ya yi ɗaya daga cikinsu da wataƙila ta yi kuka tare da shi. Sai ya waiga hagu da dama ya rage murya.

"Akwai wanda ya san mu a cikinsu?"

"Babu."

"To alhamdu lillahi." Ya sauke ajiyar zuciya. "Kin ga ke nan babu shi. Ba ya wayata, ba ya wayarki. Ki kai wa kowane alƙali, me zai gani? Abin da aka goge ai kamar ba a yi ba ne."

"Daga ina ya fito kafin ya shiga wayar?"

"Me?"

"Ba daga bakinka ya fito ba?"

"Fushi ne, Shafa. Kin san zuciyata. Kuma ke kika jawo. Mutum ya tashi da asuba ya zaɓo miki hoto mai kyau, yana ganinki a kai, ko ɗan yatsa ba za ki ɗaga masa ba? Kin san abin da ke zuwa wa namiji a rai?"

"Ina wanke wa 'yarka kashi."

Bai ji ba, ya riga ya koma cikin wayar. Yana ta lalube. Ya kunna wani guntun wa'azi, malamin ya ce saki ya auku da zarar miji ya furta, ko matar ta ji ko ba ta ji ba. Ya kashe da sauri. Ya kunna wani, shi ma haka. Ya yi tsaki ya ce waɗannan masu tsanani ne, akwai wani da ya taɓa ji, bari ya nemo shi. Haka ya dinga ɗaga malamai yana ajiyewa kamar mai zaɓen tumatir a faifai, yana neman wanda ya yi laushi.

Shafa'atu ta zuba masa ido. Wannan ne karo na farko da ta daɗe tana kallon fuskarsa haka. Ta ga ashe yana da tabo a ƙasan kunne, ba ta taɓa lura ba, don a hoto kullum ɗaya gefen yake juyowa.

"Ajiye wayar," ta ce.

"Ina zuwa, na kusa samu."

"Ajiye ta, don girman Allah. Ka dube ni."

Ya ajiye ta a kan gwiwarsa, tafin hannunsa a kai.

"Abu ɗaya nake so. In fushin ya kai ba ka san abin da kake faɗa ba, ka tashi yanzu mu je wajen Baba da liman, ka maimaita musu abin da ka ce da bakinka, su yi mana hukunci. Abin da suka ce shi ke nan, zan bi. In akwai hanya su suka san ta."

"Baba?" Ya zaro ido. "Ki bar manya a ciki. In suka ji, magana ta fita. Kowa ya san mu a matsayin masoya, Shafa. Abokaina da ni suke misali. Ki rufa mana asiri, mu koma yadda muke. Wa zai sani?"

"Ni. In na kwanta a ɗakin nan a matsayin me zan kwanta?"

Ya kasa riƙe idonta. Ƙwayar idonsa ta zame ƙasa kamar an ja ta da zare, ta sauka inda ta saba. Ya ɗauki wayar, kansa a sunkuye, yatsansa ya motsa. Tana zaune a gabansa, gwiwarta kusan tana taɓa tasa, sai ta ji wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro ta duba. Hoton wata 'yar fuska ce rawaya, hawaye na zuba daga idanunta biyu. Ƙasa ya rubuta, "Ki yafe min Bebina."

Ta dafa buhu ta miƙe a hankali.

"Ina za ki? Bari in sa a kai ki tashar Malumfashi."

Ta bi ta tsakanin 'yan dako ta fita. Bai biyo ta ba. Ta san yana can yana rubutu.

A bakin kasuwa ta yi sallar azahar a wata rumfar mata, sannan ta nemi ɗan acaɓa dattijo, ta ce Maska, kuma ya bi a hankali. Ta kira kakar Zakiyya ta ce a kula da yarinyar, ita ta wuce gida, manya za su zo da bayani. Tsohuwar ta ce, "Ya sake ko?" Shafa'atu ta ce e. Tsohuwar ta ce, "Allah ya isa tsakanina da wannan waya," ta kashe.

Hanyar ta yi ta jijjiga ta, ta riƙe cikin da hannu ɗaya. Da suka iso rana ta karkata. A ƙofar gidansu an baza masara tana shan iska, kaji na zagaye da ita. Ta yi sallama ta shiga.

Mahaifiyarta na tsakar gida tana sheƙar wake, ƙanwarta Ummukulsum na tsugune a gefenta da waya, su biyun suna ta murmushi.

"Lale, lale! Yanzu muke maganarki," in ji mahaifiyar. "Zo ki gani. Ummu, nuna mata."

Hoton rumfar ne, mijinta ya ɗora shi inda kowa zai gani. Awaisu ya karkata kai yana dariya, ita kuma a kan kujerar roba. Ya goge kumburin idonta, ya ƙara mata haske har ta yi kamar ba ita ba, ya zagaye su da furanni. A ƙasa ya rubuta: "Ta biyo ni har kasuwa don ba ta iya yini ba ta gan ni ba. Allah ya bar mu tare har Aljanna."

"Mutane sai amin suke ta turowa," Ummukulsum ta ce. "Yaya, wallahi kin yi dace. Ni dai Allah ya ba ni irinsa."

"Ki ce amin mana," mahaifiyar ta ce. Sai a lokacin ta lura da ƙurar da ke ƙafafun 'yarta, da katin asibiti da ke leƙowa daga jaka. Faifan ya tsaya a hannunta.

Shafa'atu ta zauna a bakin turmi ta cire takalmanta.

"Inna, Baba ya dawo daga gona?"

"Yana zaure. Lafiya?"

"A yi masa magana. In zai shigo, ya biya ya taho da liman."